Yadda Baba Inci Ya Goge Muryar Matarsa da Samfefa

Duk wanda ya taɓa kai kujera gyara a layin bayan tashar mota ya san Baba Inci. Kafinta ne, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir maƙale a bayan kunne, har ana zargin da shi yake shiga wanka. Halinsa ne ya ja masa sunan: mutum ne da bai yarda da ido ba. Ka ce masa teburin nan ai ya yi daidai, sai ya zaro tef daga aljihu ya ce, "Daidai a wurin wa? Saura rabin inci." Ana ba da labarin ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, wai da aka miƙo masa ita, kafin ya yi mata addu'a sai da ya auna tsawonta. Shi yana musun wannan magana, amma musun nasa ba shi da ƙarfi. Cewa yake ba kafin addu'ar ba ne, bayanta ne.

Shagonsa manne yake da gidansa. Bango ɗaya ne tsakanin bencin aikinsa da ɗakin da matarsa take ɗinki. Matan layin Anti Tela suke ce mata, shi kuwa Maman Auta, ita kuma ta ce masa Malam in ana zaman lafiya, Kafinta in ya yi laifi. Kekenta irin na da ne, mai tafiya da ƙafa, kuma tunda suka yi aure, shekara talatin da ɗaya ke nan, ba ta taɓa taka keken nan bakinta a rufe ba. Ba mawaƙiya ba ce; ka ce ta yi waƙa a gaban mutane sai ta jefe ka da almakashi. Amma da ƙafarta ta hau keke, sai waƙa ta biyo zare. Ita take ƙirƙirar abinta, yau a kan allurar da ta karye, gobe a kan matar da ta kawo yadi uku tana son a fitar mata da riga da siket, a kuma rage mata na labule. Baba Inci bai taɓa cewa uffan a kan waƙar ba, ba yabo ba suka. Yana nasa gefen bangon yana buga ƙusa. Sai dai wanda ya lura zai ga gudumar tasa keken take bi.

Matsalar ta shigo ne ta injin yanka katako. Shekara goma sha biyu yana sunkuye a kansa, injin yana ihu kamar akuyar da aka taka wa ƙafa, shi kuma ba ya toshe kunne, wai wannan aikin ragwaye ne. A hankali duniya ta fara rage murya. Da farko ya ce wayarsa ce ta lalace, ta daina ƙara. Daga baya ya ce mutanen yanzu ba su iya magana ba, ta hanci suke yi. Mutum ɗaya ne kawai bai lalace ba a wurinsa, wato maƙwabcinsa Mai Walda, wanda in ya ce zai gaya maka sirri, har masu jiran mota a tasha sai sun ji.

Wata safiya ya jingina falanki da bango, sai ya ji rawar keken a tafin hannunsa, amma waƙa babu. Ya ce a ransa, to yau kuma me na yi? Ya bi laifuffukansa na makon ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu sabo. Ya zagaya cikin gida da sunan shan ruwa, ya leƙa. Ga ta nan, kai yana rausaya, baki yana motsi, tana cikin waƙarta tsundum. Sai da ya zo bakin ƙofa sannan muryar ta iso gare shi, siririya, kamar daga layin gaba take fitowa. Ya shanye ruwan da ba ya jin ƙishinsa, ya koma shago.

Ya je wajen likita a ɓoye, ya ce wa gida ya tafi sayen ƙusa. Likita ya yi aune-aunensa, sannan ya gaya masa da babbar murya cewa abin da ya tafi ya tafi, saura a riƙe wanda ya rage. Ya kawo maganar ɗan abin nan da ake maƙalawa a bayan kunne. Baba Inci ya shafa fensirinsa ya ce wurin da mai shi. Ya dawo bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gaya wa jama'a aikinsu da saura, ba zai buɗe baki ya ce kunnensa ne da saura ba. Amma abin yana cinsa. Hirar mutane ba ta dame shi ba, dama rabinta surutu ne. Waƙar bayan bangon nan yake so a dawo masa da ita.

Mai Walda ne ya kawo dabarar, bai ma san ya kawo ba. Ya faɗo shagon da waya a hannu, yana nuna hoton ɗan ƙaninsa.

"Kalli nan, Inci. A ɗakin kwanansa ya ɗauki waƙa, gefen katifa. Makirfo ɗaya, kwamfuta ɗaya, da wani ɗan akwati. Mutumin da in ya yi sallama kaji ke watsewa, ji shi yanzu."

Baba Inci bai ji waƙar ba, amma ya ga abin da ke rufe da kunnuwan mai waƙar.

"Wannan na kan nasa fa?"

"Hedifon."

"Ana ƙara masa ƙarfi?"

"Har kanka ya fashe."

Shi ke nan. In an ɗauki muryar an adana, sai ya kifa wannan abu a kunne, ya murɗa har inda ya ga dama, ba wanda zai san dalili.

Washegari yana shagon kayan sauti. Mai shagon ya dube shi, ya dubi fensirin, ya tambaye shi ko lasifikar taro yake nema.

"Kayan ɗaukar waƙa nake so. A gida."

"Na ɗanka ne, Baba?"

"Ka ga ɗana a nan?"

Mai shago ya shiga taitayinsa, ya jera masa kaya a kan kanta. Ga makirfo da sandarsa. Ga hedifon. Ga ɗan akwatin sauti mai maɓallai, wanda ya ce shi ne tafinta tsakanin makirfo da kwamfuta, domin ba sa jin yaren juna. Ga kuma wani zagayen raga da ake sawa gaban makirfo don kada iskar baki ta buge shi. Baba Inci ya juya wannan ɗin gaba da baya.

"Wannan ai safa ce aka ɗaure a zobe."

"Baba, ba safa ba ce, daga waje ake..."

"Ajiye abinka. Ina da safa."

Kafin ya fita sai da ya warware wayar makirfon ya auna ta a tsakiyar shagon mutane. An rubuta mita biyar a kwali, ya samu ba inci huɗu. Mai shago ya ce shekararsa tara yana sayar da wayar nan, ba wanda ya taɓa yi masa haka.

Kwamfuta kuwa ta Auta ce, 'yarsu ta ƙarshe, wadda take aiki a kantin magani kuma take aure a ɗaya gefen gari. Ta kawo masa tsohuwar tata, ta sa masa manhajar ɗaukar sauti irin ta kyauta.

"Baba, wai me za ka yi da ita?"

"Aiki."

Ta san ba za ta samu fiye da haka ba. Ta nuna masa da yatsa. "Jan nan shi ne ɗauka. Wannan tsayawa. Wannan saurare. Sauran kada ka taɓa." Ta manta wanda take gaya wa. Kafin ta kai bakin titi ya taɓa goma sha ɗaya.

Ya koma ɗalibi. Da rana in ya ci abinci, sai ya kifa hedifon ya yi ta kallon masu koyarwa a waya, samari masu gemu da fitilu shuɗaye a bayansu. Rabin maganarsu ta wuce shi, amma darasi ɗaya ya zauna masa daram: hayaniya ita ce abokiyar gaba. Fanka hayaniya ce. Firji hayaniya ne. Bango ma in ba a lulluɓe shi ba, mayar da magana yake yi. Sun ce wasu har cikin kabad ɗin kaya suke shiga su yi waƙa. Da ya ji kabad sai ya gyara zama, domin an zo fagensa.

Maman Auta tana guga ta ji sanyin tef a kafaɗarta.

"Malam, lafiya?"

"Tsaya cak. Ashirin da biyu."

"Ni ce tela a gidan nan, in ka manta."

"Ɗaga hannu."

Mako biyu ya jingine aikin mutane ya ƙera wani ɗan ɗaki na katako a kusurwar falo, daidai tsawon matar da ƙarin inci shida. Ya liƙe cikinsa da soson katifa, ya bi da kwalayen ƙwai, ya sa wa ƙofar roba yadda ko sauro sai ya nemi izini. Ya buɗe ɗan gilashi daidai fuska. Safar ma ya ɗaure ta a zobe, kuma a gaskiya ta fi ta shago kyau. Mai Walda ya zo ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa.

"Aiki ya yi kyau. A tsaye za a binne mai shi?"

Maman Auta ta ce ko da kuɗi ba za ta shiga ba. A nan Baba Inci ya yi abin da bai saba ba, ya shirga ƙarya. Ya ce Auta ce ta roƙa, tana so 'ya'yanta su tashi da muryar kakarsu. Da aka ambaci jikoki sai jikinta ya yi sanyi. Ta gyara ɗaurin kai, ta shiga, ya rufe.

Ya kashe fanka, ya cire firji daga wuta, ya ɗaga mata hannu ta gilashi. Shiru. Ya sake ɗagawa. Ta turo ƙofa.

"Ba ta zuwa."

"Wa?"

"Waƙar. Ina kekena?"

"Keke hayaniya ce."

"Hayaniya," ta maimaita, a hankali, yadda ake ajiye magana don gaba.

Da ƙyar ta samu bakin zaren, tana taka ƙasa da ƙafa kamar keken yana nan. Ya lura da takun, ya ce shi ma hayaniya ne, ya tura mata matashi ƙarƙashin ƙafar. Ɗaukar farko ba ta kama komai ba, layi ne miƙe kamar an ja shi da rula, domin akwai wani ɗan maɓalli a akwatin sauti da ke ba makirfo wuta, kuma cikin duk abin da ya taɓa shi kaɗai ya tsallake. A ta biyu ya murɗa ƙarfin har ƙarshe saboda shi bai ji sosai ba, komai ya yi jawur, muryar ta farfashe. A ta uku aka samu minti ɗaya da rabi, a sandare, kamar mai karanta takardar kotu. Ta fito sharkaf kamar an tsamo ta daga rijiya, ta ce in jikokin suna son ƙari su zo su shiga da kansu.

To a nan ne kafinta ya tashi. Ya dubi hoton muryar a kwamfuta, ya ga tudu da kwari, ga tsini ga gargada, kamar gefen falankin da aka yanka da zarto mara kaifi. Shi kuwa a rayuwarsa bai taɓa barin katako ya fita shagonsa a haka ba. Ya gano abin share hayaniya a manhajar. Masu koyarwa sun ce a taɓa kaɗan. Baba Inci ya san in za a goge katako da samfefa, sau uku ake bi, mai kaushi, matsakaiciya, sannan mai laushi, don haka ya bi sau uku. Duk inda ta ja numfashi ya yanke, ya haɗe bakin. Ya samu wani abu da ke miƙar da murya in ta karkace, ya kai shi maƙura, tunda miƙewa ba ta yawa. Ya zuba amsa-kuwwa shafi biyu, kamar mai shafa wa teburi man sheƙi. Siraran sautukan nan da kunnensa ya daina kamawa kuwa ya ɗaga su sama har sai da ya ji su, bai tuna sauran jama'a nasu kunnen lafiya lau yake ba. Kwana huɗu yana wannan aiki. Da ya gama, hoton muryar ya fito sumul, gefe da gefe daidai. Ya ɗora tef a kan gilashin kwamfutar don ya tabbatar.

Ranar Asabar da la'asar Auta ta zo, Mai Walda kuma ya gayyaci kansa. Aka haɗa da lasifikar falo. Baba Inci ya danna saurare, ya harɗe hannu.

Abin da ya fito, in ka kama sauro ka kulle shi a kwalba, ka jefa kwalbar cikin tankin ruwa, ka ce ya yi maka waƙa ba tare da ya numfasa ba, to ka kusa. Mai Walda ya buɗe baki, kuma karo na farko tun da aka san shi, ba abin da ya fito. Kafaɗunsa kawai ke rawa. Auta ta danne bakinta da mayafi.

"Baba, don Allah me ya sa ka yi wannan?"

Maman Auta ta juyo. "Ba ke kika ce a yi ba?"

"Ni? Yaushe?"

Uwar ta dubi lasifikar, sannan ta dubi mijinta, ta yi tambaya ƙasa-ƙasa, irin muryar da mutum ke yi in abin ya taɓa shi.

"Malam, haka muryata take?"

Ya ga bakinta ya motsa, ya ga idonta a kansa. Ya ɗauka yabo ne. Ya gyaɗa kai da murmushi.

"Ƙwarai kuwa."

"Shekara talatin da ɗaya wannan kake ji, ka yi shiru?"

"Ai kaɗan ma kika gani," in ji shi.

Ta tashi, ta shige ɗaki, ta ja ƙofa a hankali. Da ma bugawa ta yi da ya fi sauƙi.

Auta ta jawo kwamfutar, ta matso kusa da kunnensa. "Ina ta asalin, wadda ba ka taɓa ba? In ta ji ta za ta gane."

"Wa yake ajiye katakon da bai goge ba? Na ɗora wannan a kanta."

Daga ranar keken ya ci gaba da tafiya, amma baki a rufe. Baba Inci ya riƙa zagayawa shan ruwa sau shida a wuni, kullum ya tarar da leɓɓanta a haɗe kamar ta bi su da ɗinki. Auta ta yi bayani har ta gaji, cewa aikin kwamfuta ne. Uwar ta ce inji ba ya ƙarya, kuma ga ubanki ma ya shaida a gaban maƙwabci. Sunan Malam ya ɓace daga gidan. Kafinta, ga abincinka. Kafinta, ana sallama. Ɗan ɗakin katakon ta cika shi da yadukan mutane, sandar makirfon kuma ta ja ta ɗakin ɗinki tana rataye rigunan da ta gama, makirfon yana can sama kamar kan tsuntsun da aka yi wa hukunci. Da can waƙar tana nan, shi ne ba ya ji. Yanzu ya je gyara ya kashe ta gaba ɗaya, kuma matar da ya sani da waƙa ta koma yin aiki kamar wadda aka ɗauka haya.

Rana ta goma sha shida ya yanke shawara ya tattara kayan ya ba ɗan ƙanin Mai Walda. Sai dai Baba Inci ba ya ba da kaya bai gwada ba, ga shi kuma ba shi da fuskar da zai ce a sauke riguna a ba shi sanda. Ya jira ta fita sayen zare, ya lallaɓa ya soka waya a makirfon, ya zura ta ramin da wayar lantarki ke bi ta bango, ya koma shago ya haɗa. Nufinsa ya gwada ya cire kafin ta dawo. Ya kifa hedifon. Yana cikin dube-dube sai ya ga wani maɓalli a jikin akwatin sautin da bai san aikinsa ba. Ya danna, don hannunsa ba ya iya gani ya ƙyale.

Sai ɗakin ya shigo kansa.

Maɓallin nan ashe abin da makirfo ke ji yake turowa kunne kai tsaye, ba ɗauka, ba gyara. Ya ji agogon bango, wanda ya ɗauka ya mutu tun bara. Ya ji an turo ƙofa. Ta dawo da wuri. Ya ji ledar zare ta faɗi a tebur, kujera ta yi ƙara, almakashi ya ci yadi ƙyas-ƙyas, awarwaronta ya bugi ƙarfen keke. Ya san ya kamata ya cire. Bai cire ba. Keken ya tashi. Can sai wani ɗan gunji ya taso daga maƙogwaronta, ya zama kalma biyu, uku, da muryar nan tata mai ɗan kaushi a ƙasa wadda ya sani tun yana da gashi. Sai ta katse.

"A'a," ta ce wa kanta. "Rufa wa kanki asiri."

Baba Inci ya sauke hedifon ya ajiye a benci. Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya zagaya, wannan karon bai nufi wajen ruwa ba.

"Maman Auta, na ji ki yanzu."

"Ka ji me?"

Ya nuna makirfon da wayar da ta bi bango. Ta bi wayar da ido.

"Leƙen asiri kuma ka koma, Kafinta?"

"Wata bakwai rabon da in ji ki daga shago. Yau ne farko." Ya tsaya, ya shafa ƙeya. "Kunnen ne. Na je wajen likita. Ba Auta ba ce ta ce a ɗauka, ni ne nake so in riƙa ji."

Ta tashi ta zagaya bayansa, ta faɗi wata magana da muryarta ta kullum. Bai juya ba. Abin da ta faɗa har yau ita kaɗai ta sani. Ta dawo gabansa, ta matso sosai.

"Me na ce?"

"Kin yi magana?"

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki wani guntun yadi ta ninke shi, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ni ina nan ina cewa raini ne," ta ce, da ƙarfi yanzu. "In yi magana ka yi banza da ni. Ka san sau nawa na rage maka nama saboda wannan?"

"Na lura."

"Ranar nan da na tambaye ka ko haka muryata take, ka ce ƙwarai."

"Haka kika tambaya?"

"To me ka ɗauka?"

"Na ɗauka aikina kike yabo."

Ta yi masa kallon da ake yi wa wanda ya wuce faɗa. Shi kuwa ya fita ya kwaso kwamfutar da akwatin da hedifon, ya zare wayar daga bango ya haɗa a gabanta, ya kifa mata a kunne duk da ɗaurin kan.

"Ce wani abu."

"Me zan ce?" Ta tsaya cak, domin ta ji kanta. Ta sake gwadawa a hankali. "Zare. Allura." Ta ɗago. "Wannan ai ni ce."

"Ke ce."

"Waccan fa?"

"Waccan aikina ce. Samfefa na bi ta da ita."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta cire hedifon ta miƙa masa. Ranar ba ta yi waƙa ba. Sharuɗɗa ta gindaya: zai koma wajen likita kuma tare za su je, domin ta ji da kunnenta tunda nasa ba abin dogara ba ne, zai riƙa toshe kunne in zai tayar da injin, jan maɓallin nan kuwa in ya kuskura ya taɓa shi, da shi da kwamfutar a shago za su riƙa cin abinci. Ya amsa duka, bai nemi ragin ko rabin inci ba. A kan waƙa ba ta yi alkawarin komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Da safe ya mayar da wayar ta bango, ya zauna a benci, ya kifa hedifon. Agogo. Kujera. Sai aka ja sandar makirfon kusa, aka ƙwanƙwasa shi da farce har ya zabura.

"Malam, kana jina?"

Ya ɗauki guduma ya bugi bangon sau biyu.

Keken ya tashi. Ya yi tafiya mai nisa shi kaɗai, har Baba Inci ya fara cire rai. Sai muryar ta hau, da numfashinta, da kaushinta, da keken a ƙarƙashi yana riƙe mata ƙafa. Sabuwar waƙa ce, kuma kowace kalma ta iso tar:

Kafinta mai kujerun gari,
kowa ya zauna ya gode,
matarsa na kan ƙafa uku,
ta huɗun kwali ne a ninke.

Ta ci gaba, ba ta rage komai ba: shekara tara da karyewar ƙafar, alkawari nawa aka yi, damina nawa kwalin ya gani. Kunya ta kama shi. Ya miƙe ya ɗauki guduma da ƙusa huɗu zai zagaya yanzu-yanzu. Taku biyu ya yi, wayar hedifon ta ja shi baya. Ya tsaya da guduma a hannu, ya dubi ƙofa, ya dubi wayar. Ta can ciki an shiga baiti na uku, an fara bayanin yadda kujerar ke jefar da baƙi.

Ya koma ya zauna, ya ƙara murɗa ƙarfin kaɗan.